Ciwon Gefen Gwiwa Ga Masu Gudu da Keke: Hutu, Ƙwaya, Tausa, Allura Ko Likitan Gashin Ƙashi?

Akwai wani ciwon gwiwa mai hali nasa daban. Mutum zai fita sassarfa bayan asuba lafiyarsa ƙalau, sai ya yi minti goma ko ashirin ya ji wani zafi mai suka a gefen gwiwa ta waje, ɗan sama kaɗan da mahaɗar ƙasusuwan. Ya tsaya ya koma tafiya, zafin ya lafa. Washegari ya sake fita, a daidai wannan lokacin ciwon ya dawo, wani sa'in ma ya riga lokacinsa na jiya. Gwiwar ba ta kumbura ba, mutum bai faɗi ba, ba wanda ya haure shi a filin ƙwallo. Saukowa daga bene ko gangara ta fi hawa wahala. Masu gudu da masu tuƙa keke ne suka fi saninsa, sai kuratan soja da 'yan sanda, da duk wanda ya tashi rana ɗaya ya ɗora wa ƙafarsa aikin da ba ta saba ba.

A gefen cinya ta waje akwai wata jijiya mai faɗi da tauri kamar ƙirgi. Ta taso daga ƙashin ƙugu, ta bi katara, ta wuce gefen gwiwa ta kama saman ƙashin ƙwauri. Tsokoki biyu ne ke jan ta daga sama: babbar tsokar mazaunai, da wata ƙarama a gaban ƙugu. Ciwon da ke tasowa a inda ta ratsa gefen gwiwa shi likitoci ke taƙaita sunansa da ITBS. Wani likita mai suna James Renne ne ya fara bayyana shi a 1975, bayan ya gan shi a jikin kuratan sojan Amurka masu shan horo mai tsanani. Wani nazari da aka wallafa a 2002 kan raunukan masu gudu a birnin Vancouver na Kanada ya same shi a matsayi na biyu wajen yawa, bayan ciwon ƙoƙon gwiwa. An shekara talatin ana koyar da cewa jijiyar ce ke gogar tudun ƙashi gaba da baya har ta ji rauni. A 2006 John Fairclough da abokan aikinsa a Birtaniya suka nuna cewa jijiyar a ɗaure take da ƙashin cinya, ba ta da damar yin wannan zirga-zirgar. Abin da ke ƙarƙashinta wani ɗan kitse ne mai cike da jijiyoyin jini da na jin zafi, shi ake matsewa duk lokacin da gwiwa ta lanƙwasa kimanin digiri 30, wato daidai yadda take sa'ad da ƙafar mai gudu ta dira ƙasa. Wannan bayani shi ne ma'aunin da zan auna kowace hanyar magani da shi: shin tana rage matsin nan, ko kuwa zafin kawai take ɓoyewa?

Kafin a zaɓi magani, sai an tabbatar ciwon ne. Idan gwiwa ta kumbura ta tara ruwa, ko tana maƙalewa ta ƙi miƙewa, ko tana sulluɓewa mutum ya ji kamar zai zube, ko ciwon ya fara ne nan take bayan murɗewa ko faɗuwa, to magana ta koma kan guringuntsin cikin gwiwa ko jijiyoyin da ke riƙe da ita. Haka idan tsuguno da zaman tahiyya ne suka fi tayar da shi, domin mai ITBS yawanci yakan tsuguna ba tare da wahala sosai ba. Zazzaɓi tare da gwiwa mai zafi da ja, ko ciwon da ke tayar da mutum cikin dare ba ya motsi, waɗannan na asibiti ne ba jira. Mai sikila kuma ya ƙara kula: lalacewar kan ƙashin cinya a ƙugu takan aiko da ciwo har gwiwa, don haka a duba masa ƙugun. Wanda ya haura hamsin, a tuna da amosanin gaɓɓai. Gwajin da ake yi mai sauƙi ne. Likita zai danna tudun ƙashin da ke gefen gwiwa yana miƙe ƙafar a hankali, idan ta iso wajen digiri 30 sai zafin da mutum ya sani ya bayyana. Gwajin yana ɗauke da sunan Clive Noble, likitan wasanni na Afirka ta Kudu. Hoton ƙashi ba ya nuna wannan ciwo, kuma da wuya a buƙaci hoton MRI mai tsada tun da farko.

Hanyar da kowa ke fara bi ita ce hutu da ƙwayar kemis. Diclofenac, ibuprofen ko piroxicam, a haɗa da man zafi, a daina fita mako biyu. Amfaninta a fili yake: ba ta da tsada, ba layin asibiti, kuma zafin yana tafiya, tunda an daina abin da ke matse wurin. A kwanakin farko, lokacin da ko tafiya ma ciwo take, wannan daidai ne, a ƙara da ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma na minti goma zuwa sha biyar. Matsalar tana zuwa ne ranar komawa. Ƙafar da ta huta ba ta ƙara ƙarfi ba, raguwa ma ta yi, mutum kuma yakan koma da nisan da ya bari da saurin da ya bari. Cikin kwana kaɗan sai ciwon ya dawo, a sake komawa kemis. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna: masu haɗiyar ƙwaya kafin su fita don kada su ji zafi. Waɗannan magunguna suna cin bangon ciki su kawo olsa, suna wahalar da ƙoda, balle a jikin da ya yi gumi ya rasa ruwa cikin zafin bazara ko a kan azumi. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ko olsa kada ya sha su sai da izinin likita. Tramadol kuwa ba shi da gurbi a wannan ciwo ko kaɗan.

Daga kemis, da yawa sukan nufi wajen mai ɗori ko mai tausa, wasu wajen wanzami a yi ƙaho. Dalilin da ke kai mutane can a fahimce yake: yana kusa, an san shi, yana taɓa wurin da hannunsa, yana sauraro. Sai dai a nan babu ƙashin da ya karye, babu wanda ya goce, babu targaɗen da za a ja. Murza daidai inda ke ciwo ƙara matse kitsen nan ne da ya riga ya fusata. Ko a asibiti an gwada wannan: Martin Schwellnus da abokansa a Afirka ta Kudu sun gwada murza mai zurfi a kan wurin a 1992, ba su ga ta ƙara wani abu a kan sauran jinyar ba. Tsaga da sakiya a kusa da gaɓa kuma suna buɗe ƙofar shigar ƙwayoyin cuta, ba na ba kowa shawarar su. Tausar da ke da ɗan amfani ita ce ta tsokokin sama, mazaunai da gaban ƙugu da cinya, domin su nama ne, suna saki.

A gidajen motsa jiki na birane kuma za ka tarar da irin wannan tunanin cikin sabuwar riga. Ana ba mutum gungumen soso mai tauri ya kwanta a kai yana mirgina katararsa yana cije baki, wai ana sassauta jijiyar. Binciken da aka yi a kan jijiyar kanta ya nuna miƙewar da take yi ƙanƙanuwa ce ƙwarai, komai jan da aka yi mata. Wanda yake jin daɗin mirginawar ya yi ta a kan tsoka, ya nisanci gefen gwiwar, kuma ya san sauƙin na ɗan lokaci ne.

Allurar da ake yi a wurin ciwon, mai ɗauke da sinadarin kotizon, ta fi duk waɗannan saurin aiki. Gunter da Schwellnus sun gwada ta a 2004 a kan masu gudu 18 waɗanda ciwonsu sabo ne, suka ga zafin gudu ya ragu cikin mako biyun farko fiye da na waɗanda aka yi wa allurar da ba ta da sinadarin. Mako biyu nazarin ya bibiya, bai ce komai a kan wata uku ko shida ba. Saboda haka ina ganin allura ta dace da mutum biyu ne: wanda zafi ya hana shi ko fara atisayen jinya, da wanda ke da ranar da ba za ta ɗagu ba, kamar gwajin shiga aiki ko gasar da ya daɗe yana shiri. Ba ta gyara dalilin ciwon. Maimaita ta a wuri ɗaya yana sirantar da fata da naman wurin, a baƙar fata kuma takan bar farin tabo. Tana ɗaga sukarin mai ciwon suga na wasu kwanaki. Kuma aikin likita ne a asibiti, ba na mai shagon magani ba.

Sai likitan gashi, wanda a asibiti ake ce wa fisiyo, a Nijar kuma kine. A nan zan daɗe, domin a nan nake ganin maganin yake, kuma a nan ne mutum zai iya kashe kuɗi da lokaci ya tashi a tutar babu idan bai san abin da zai nema ba. Jinya iri biyu ake samu a ƙarƙashin suna ɗaya. Ta farko, a kwantar da kai, a haska maka fitila mai ɗumi, a manna maka wayoyin lantarki masu tsikari, a shafa mai, a ce ka dawo jibi. Tana da daɗi, tana rage zafi na 'yan sa'o'i, marasa lafiya da yawa ma ita suke nema da bakinsu, idan ba a kunna na'ura ba sai su ga kamar ba a yi musu komai ba. Amma idan ita kaɗai ce, bambancinta da man zafi kaɗan ne. Ta biyu, likitan zai fara da tambayoyi: kilomita nawa kake yi a mako, yaushe ka ƙara, a ina kake gudu, ka canza takalmi ko keke? Zai sa ka tsaya da ƙafa ɗaya ka ɗan durƙusa yana kallon ko ƙugunka na karkacewa, ko gwiwarka na faɗawa ciki. Zai gwada ƙarfin tsokar gefen mazaunai. Daga nan ya tsara maka aikin da mafi yawansa a gida za ka yi shi. Wannan ta biyun nake nufi duk inda na ce gashi.

Tushenta wani nazari ne da Michael Fredericson na Jami'ar Stanford ya wallafa a 2000. Ya auna masu gudu 24 da ke da ciwon, ya samu tsokar da ke buɗa cinya gefe ta fi rauni a ƙafar da ke ciwo. Aka sa su atisayen ƙarfafa ta na mako 6, sai 22 daga cikinsu suka koma gudu ba ciwo, bayan wata 6 kuma bai dawo musu ba. Nazarin ƙarami ne, babu rukunin da aka bari ba jinya don a kwatanta, kuma wasu nazarce-nazarcen da suka biyo baya ba su sami wannan raunin a jikin kowane mai ciwon ba. Duk da haka hikimar a bayyane take. Idan tsokar gefen mazaunai ta gaji, ƙugu yakan sauka ta ɗaya ɓangaren a kowane taku, cinya ta karkata ciki, jijiyar ta ƙara ɗamewa a kan gefen gwiwa. Mai gudun rabin sa'a yana taku dubbai, ƙaramar karkata kuwa idan ta maimaitu haka ta isa ta tayar da ciwo.

Atisayen ba sa buƙatar wasu kayan aiki. Ana farawa a kwance a gefe, ƙafar da ke ciwo a sama, a ɗaga ta a miƙe tana ɗan komawa baya, har a ji aikin a gefen mazaunai ba a gaban cinya ba. Sai kwanciya rigingine a ɗaga ƙugu sama, da ƙafa biyu, daga baya da ɗaya. Idan waɗannan sun yi sauƙi sai a miƙe tsaye: a ɗaura roba mai talewa a ƙafafu ana takawa gefe-gefe, a tsaya da ƙafa ɗaya a bakin matattakala ana sauke ƙugu ana ɗagowa, sannan a koyi sauka daga matattakala a hankali a gaban madubi, gwiwa tana kallon yatsun ƙafa. A ƙarshe a ƙara nauyi da tsalle-tsalle. Abin da likitan gashi ke sayar maka a nan shi ne idonsa: ya ga lokacin da kake yaudarar atisayen da wata tsokar, ya san ranar da za a ƙara wuya da ranar da za a ja baya. Bidiyon YouTube zai nuna maka motsin, amma ba ya ganin ka.

Rabi na biyu na wannan jinya, wanda nake ganin ya kai na farko nauyi ko ya fi, shi ne gyara abin da ya jawo ciwon tun asali. Kusan kullum akwai wani ƙari da aka yi da gaggawa: wanda ya ji an buɗe ɗaukar kurata ya tashi daga zama ya fara kilomita goma kowace safiya, ko wanda ya dawo bayan azumi yana son ya rama abin da ya wuce cikin mako guda, ko wanda ya mayar da hawa da saukar dutse abin kullum. Gefen titi a karkace yake don ruwa ya gangare, mai bin gefe ɗaya kullum ƙafarsa ɗaya ce ke shan karkatar. Mai zagaya fili ta hannu ɗaya ma haka. Yanayin takun kansa ana gyara shi. Bryan Heiderscheit na Jami'ar Wisconsin ya nuna a 2011 cewa ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, ba tare da ƙara sauri ba, yana rage nauyin da ke sauka a gwiwa da ƙugu. Mai taku 160 a minti sai ya nufi 168 zuwa 176, gajeru masu sauƙi. Wanda kuma ke jera ƙafafunsa a layi ɗaya ko yana gitta su, a koya masa ya ɗan buɗa. Mai keke ya fara da sirdi: idan ya yi tsawo har ƙafa na miƙewa sosai a ƙasan feda, gwiwa tana ta ratsa kusurwar nan mai ciwo, sauke shi kaɗan kan kawo sauƙi.

Wannan hanya tana da nata nauyin, kuma ya kamata a faɗe shi. Ita ce mafi jinkiri. Yawancin mutane sukan ga canji na gaske cikin mako 6 zuwa 8, wanda ciwonsa ya daɗe yana iya kai wata uku ko fiye. Tana son mutum ya yi aiki da kansa sau uku ko huɗu a mako ba mai tsaye a kansa. Likitocin gashi kuma sun taru ne a manyan birane. Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da asibitocin koyarwa na Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen gashi, amma ga mutumin ƙauye zuwa can kuɗin mota ne da yinin aiki. Abin da ke sauƙaƙa lamarin shi ne wannan ciwo ba ya buƙatar zuwa kullum. Ganawar farko mai kyau, sannan komawa bayan kowane mako biyu don a duba a ƙara, ta wadatar wa mafi yawa. Idan aka haɗa kuɗin, sau da yawa bai kai abin da ake zubawa a kemis da wajen tausa cikin wata shida na ciwo mai tafiya yana dawowa ba. A asibitin kuɗi, ka tambaya ko mai duba ka yana da rajista da hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988 don yi wa masu wannan aiki rajista a Najeriya, domin ba duk mai farar riga da na'urar tausa ne likitan gashi ba.

Tiyata tana can ƙarshe. Ana yanke ɗan yanki daga bayan jijiyar ko a cire naman da ke ƙarƙashinta, kuma ba a maganarta sai an yi kamar wata shida ana jinyar atisaye ta gaskiya ba nasara. Kaɗan ne ke kaiwa nan.

Idan ciwonka bai wuce mako ɗaya ko biyu ba, kuma ka san abin da ka ƙara, ba lallai ka je ko'ina ba tukuna. Rage nisan zuwa inda ba ya tayar da zafi, bar gangara, fara atisayen kwance, ka riƙe ƙarfin numfashinka da tafiya mai sauri a shimfiɗaɗɗen wuri ko iyo idan da hali. Idan ya kai mako uku bai sauya ba, ko wannan ne karo na biyu da ya dawo, lokacin likitan gashi ya yi, kada ka ƙara wani zagayen hutu da ƙwaya. Idan zafin ya kai ko tafiya ba ka iyawa, ko kana da gwajin da ya matso, ga likitan ƙashi ku tattauna allura, da sharaɗin atisaye zai biyo bayanta cikin kwanakin sauƙin da ta ba ka. 'Yar'uwa mai motsa jiki a gida ko a kan injin gudu, duk wannan ya shafe ki, kuma atisayen nan ana yin su a ɗaki a kan tabarma.

Komawa gudu kuma ba da kalanda ake yanke ta ba. Sai ka iya tafiyar rabin sa'a da sauri ba ciwo, ka sauko daga bene ba ciwo, ka durƙusa da ƙafa ɗaya sau goma gwiwa ba ta faɗa ciki ba. Daga nan ka fara da minti ɗaya gudu, minti ɗaya ko biyu tafiya, a wuri mai laushi marar gangara, kana tsallake rana ɗaya tsakani. Da zarar sukan nan ya fara, tsaya a ranar, domin wannan ciwo ba ya sakin mutum idan an daure an ci gaba, ƙaruwa yake. Idan ka wayi gari gwiwar ta fi jiya ciwo, koma matakin baya ka yi kwana biyu a kai. Nisa ake fara ƙarawa, sannan sauri, gangara ce ta ƙarshe. Atisayen mazaunai kuma a ci gaba da su sau biyu a mako ko bayan an warke.